An Ba Shi Beli

An ba shi beli, in ji alƙali.
Muka sauke ajiyar zuciya a bencin baya,
ni da Ladidi matarsa, da goyon wata biyar.
Sai aka shiga karanto sharuɗɗa kamar jadawali:

mutum biyu su tsaya masa,
kowanne darakta, mataki na goma sha shida,
kowanne da gida a Nasarawa da shahadar mallaka,
naira miliyan ɗari uku, fasfo, hotuna cikin kwali.

Sagiru ya dubo ni daga cikin akwati.
Ni ce yayarsa. Shekara talatin da biyar
ina koyar da jimla a firamaren Gwammaja,
amma wannan lissafi ya fi ƙarfin alli.

Yaron shago ne a Wapa.
Yatsunsa sun ƙirga dalar da bai taɓa ci ba.
Sun ce ta asusunsa aka wanke kuɗin haram,
maigidan kuwa ya haye jirgi tun kafin asuba.
Ban ce bai yi ba. Wallahi ban sani ba.
Kotun ma ba ta sani ba tukuna,
shi ya sa aka sa ranar jin dalili.

Na bi sakatariya hawa-hawa da gwiwar da ke ciwo.
Na sami ɗalibina na aji huɗu, yanzu darakta.
Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo lemo,
ya ce, Malama, gidan nawa ma ba sunana ke jiki ba.
Ya damƙa min kuɗin adaidaita, ya raka ni da hankali.

Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Wata huɗu ke nan ina kai tuwo Kurmawa,
gandiroba ya caccaka shi da cokali, ya ce in ɗanɗana.
Wanda ake zargi da biliyan ya kwana gidansa ran da aka kama shi,
don daraktoci a falonsa suke shagali.

Barista Rakiya, 'yar siririya, takalminta duk ƙurar Gyaɗi-gyaɗi,
ta buɗe min kundin tsarin mulki a gindin darbejiya.
Ta ce, Mama, nan an rubuta:
mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar.
Beli igiya ce ta dawo da shi gaban shari'a,
ba a yi ta don shaƙe wuya ba.
Sharaɗin da ba ya cikuwa ɗauri ne ya sake riga,
hukunci tun ba a ji shaida ba, ba shi da asali.

Ta rubuta roƙo a sassauta.
Na ɗauko takardar fansho daga ƙasan adaka,
mataki na tara, da hatimin mai unguwa,
da 'yar takardar gadonmu a Ja'en, rabin fili.
In ya gudu, ku kama ni. Ina zan je da wannan gwiwa?

An ɗage zama sai bayan hutu.
Yarinyar ta fara rarrafe jiya da la'asar,
ta nufi takalminsa da ke bakin ƙofa.
Maƙwabta na tambaya, ina ce musu gaskiya:
an ba shi beli.