Wasiƙar Ƙarshen Wata daga Tawa

Kun ce in aiko da jerin buƙatu,
da adadin waɗanda suka karɓi bishara.
Na buɗe kaye a kan gwiwa,
kuran ya ɗauke tun la'asar,
fitilar salula na riƙe da haƙora,
zufa na zuba kan takarda kamar ruwa.

Adadi? Mu goma sha ɗaya ne ran Lahadi,
in an ƙirga jaririn Tabita
da Agali mai gadi da ke zama bakin ƙofa,
bai shigo ba, bai tafi ba,
yana fifita gawayin shayi har mu ce amin.
Muna rera Zabura, jakai na amsa mana,
don Lahadi a nan ita ce ranar kasuwa.

Ku roƙa wa Alhaji Nayusa, mai gidan haya.
An je masa sau uku a kan ya tashe mu,
ya ce shi jikka goma ya sani,
zuciya kuwa Mai ita ya san abin da ke ciki.
Sannan ya aiko yaro da kwano biyu
a toshe inda rufin ke yoyo.
Ciwon ƙafa ya hana shi sujada tun bara,
a zaune yake salla, cikin inuwa.

Ku roƙa wa Barage.
Tun da aka yi masa baftisma
aka ware masa akushi a gidansu.
Ƙannensa sun daina kiransa yaya.
Amma kowace Talata, bayan isha'i,
ƙwaryar fura na isowa a rufe da faifai,
ba saƙo, ba suna,
shi dai ya san damun hannun uwa.

Akwai Tsahara, maƙwabciyarmu,
ɗanta ya tafi Abijan damina huɗu ke nan.
Ta zo da dare, ta tsaya bayan zana,
ta ce: Malam, ban bar sallata ba,
amma ka sa Alio cikin taka,
wanda gidansa ke ci da wuta ba ya zaɓen guga.
Ban san a wane layi zan sa ta ba.
Na rubuta sunansa, da kalma ɗaya: dawowa.

Matata Rifkatu ba ta ce in faɗa ba.
Tana kewar Dogon Dutsi,
tana ninke zannuwa, tana warwarewa.
Ku tuna da ita, da kuɗin lakkwal na yara,
da babur ɗin da sai an tura shi
kafin ya yarda da hanyar ƙauye,
da hatsin da ya kusa kai gindin tukunya,
ga watan bakwai na zuwa.

Ni kuma.
Ɗazu hannuna ya rubuta ashirin,
don na san ashirin ta fi daɗin karantawa
a majami'a mai fanka da kujeru.
Na soke. Ga tabon nan kuna gani.
Ku roƙa mini kada yunwar yabo
ta riga ta ciki kai ni ga faɗuwa.

Na sha wa'azi kan irin da ya faɗi bisa duwatsu,
sai wani tsoho a bayan gari
ya nuna mini yadda Adarawa ke yi:
ka haƙa ɗan rami tsakanin tsakuwa,
ka zuba taki cikin tafi ɗaya,
ka tafi gida ka kwanta.
Ya ce gara za ta buɗe ƙasa,
ba kai ba,
kai dai naka haƙawa.

To ga lissafina, ku yi haƙuri da shi.
Batir ya yi ja, ladan ya kusa kiran asuba,
Agali na tari a waje.
Shekara shida ina kiran sunan garin nan
kamar mai faɗin abin hannunsa,
sai bana na ji da kyau:
ta Mai ita ce,
ba tawa ba ce, Tawa.