Dawakai Talatin

Shekara sha tara na yi a Panteka
ina wuni ƙarƙashin motocin mutane,
har kunnena ya san tarin kowane inji.
Yau ga ni a Birmingham, ana yayyafi,
hannuwa cikin aljihu,
ina zagaya motoci biyu a filin wani dillali a Small Heath
kamar mai neman ragon layya da kuɗin da ba su cika ba.

Dukansu guntaye ne, marasa wutsiya,
ƙofa biyar har da ta baya mai ɗagawa sama.
Shuɗiyar dizal take sha.
Ta ci mil dubu ɗari da ashirin,
amma da na murza makulli
sai ta yi gyaran murya irin ta dattijon da ya san darajarsa.
Na ɗora tafi a kan bonet, na ji ta har cikin ƙashi.
Wannan saniyar noma ce,
ba ta gudu, ba ta gajiya, ba ta yawan neman ruwa.

Jar kuwa 'yar fetur ce,
muryarta siririya, kujerarta da ƙunar taba.
Ban so ta ba.

Sai Jummai ta taɓa ni da gefen lema:
"Barau, ina za ka da saniya?
Daga gida zuwa asibiti mil uku ne,
daga asibiti zuwa shagon nama bai kai biyu ba."
Ta faɗi gaskiya, ita da ba ta taɓa riƙe sifana ba.
Dizal ba ya son gajeriyar tafiya,
toka ke taruwa a maƙogwaronsa har ya shaƙe.
Ga kuma kyamarorin tsakiyar gari
da ke ƙirga tsohon hayaƙi, fam takwas kowace rana.
Na yi lissafi a bayan rasit.
Na biya kuɗin jar,
ban waiwayi shuɗiyar ba, don kada ta ga idona.

Wata biyu aka yi lafiya
kafin Mudassir ya ce motar tana tafiya kamar mai jin kunya.
Ya ja ni garejin wani yaro, Callum,
wanda farcensa ya fi na liman tsabta.
Bai buɗe bonet ba.
Ya zura waya ƙarƙashin sitiyari,
ya zauna da kwamfuta a cinya yana cin biskit,
bayan awa guda ya ce ya ƙara mata dawakai talatin.

Na ce, ina suke?
Mu da muke ƙara ƙarfi da gumi,
mu wanke kafireta da baki, mu kankare fulogi,
mu koma gida harshe na warin fetur.
Ya yi dariya, ya miƙo mini makulli.

Na kira 'yan inshora na gaya musu,
don ba na ajiye abin da zan ɓoye.
Su ma suka ƙara nasu dawakan a kan kuɗin wata.

Lahadi da asuba na fita ni kaɗai.
A kan babbar hanya na taka totur,
kujera ta rungume ni ta baya,
wani abu da na bari a hanyar Kaduna zuwa Zariya
ya taso ya zauna kusa da ni.
Allura ta taɓa saba'in.
Nan doka ta ja linzami, ni ma na ja.
Dawakai talatin, ga ciyawa, babu fili.

Yanzu mil uku muke yi, mu dawo,
Jummai a gefe da kwandonta tana cewa in bi a hankali.
Sifana mai lamba goma tana cikin aljihun mota,
naɗe da tsumma.
Ba abin da take kwancewa.
In muka hau tudun rage gudu
nakan ji ta yi ƙara.