Talatin da Shida

A Kasuwar Barci na same ta,
ƙarƙashin tarin rediyoyin da suka daina magana,
kyamara mai nauyi, fatarta ta saɓule a gefe guda.
Mai rumfar ya ce, "Ba ta cin batir, ba ta cin caji."
Na ce, "To me take ci?"
Ya ce, "Haƙuri. Da kuɗin fim."

Fim kuwa sai Kakuri, wajen Baba Jatau,
wanda ya ɗauki ma'aikatan masaƙa hoto
tun injinan suna numfashi.
Na hau keke na ƙetare gada,
kogi ya cika, ya yi launin shayi.
Ya juya ta a tafin hannunsa,
ya hura idonta, ya goge da bakin riga.
"Talatin da shida kike da su, Ladidi.
Waya ta saba miki da dubu.
A nan kowane ƙyas sai kin biya.
Launi kuma ki baro shi gida.
Jan mayafi da koren mayafi
a wurinta duk toka ne.
Ki nemi inda rana ta faɗo,
ki nemi inda ta kasa shiga."

Kwana tara tana rataye a wuyana.
In ɗaga, in sauke. In ɗaga, in fasa.
Mai gasa masara a bakin titin Tudun Wada,
hayaƙi ya raba fuskarsa biyu: ƙyas.
Inna tana tankaɗe a bakin ƙofa: ƙyas.
Yara 'yan ƙwallo suka rugo,
"Anti, nuna mana!"
Na juya musu bayanta, baƙin ƙarfe, ba kowa.
Ƙaraminsu ya ce, "Ta lalace."
Ban sami bakin musu ba.

Ɗakin wankin hoto tsohon banɗaki ne,
an toshe tagar da kwali da bargo.
Baba ya ce duhu ne kaɗai kayan aiki
da 'yan NEPA ke kawowa kyauta.
Na naɗe fim a lalube, yatsuna suna zufa,
warin magani kamar gasarar da ta kwana,
shi kuma yana ƙirga mintoci da baki
don agogonsa ma sai da haske.

Da muka shanya shi a igiya
sai ga garinmu a juye:
sama baƙa ƙirin, inuwa fara fat,
Inna da farar fuska da baƙaƙen haƙora
tana yi mini dariya daga wata duniya.

Muka yi lissafi.
Sha ɗaya sun ƙone,
ran da na buɗe bayanta tsakar rana
in ga ko fim yana tafiya.
Tara hannuna ya yi rawa.
Ɗaya ƙafata ce, da rabin kwata.
Baba bai yi dariya ba,
tari kawai ya kama shi, mai tsawo.

Sai jan ƙwan fitila, da farar takarda cikin tire.
Ya ce, "Girgiza a hankali, kamar mai lallashin jariri."
Ba komai.
Ba komai.
Har na buɗe baki zan yi magana,
sai ga ido ɗaya ya taso daga ƙasan ruwa,
sai gira, sai hula, sai hayaƙi,
mai masara gaba ɗaya
yana kallona yadda bai kalle ni ba ran nan.

"Hagu ya yi duhu," in ji Baba.
"Asabar ki zo ki sake."

Na koma da magariba, takardar da sauran danshi,
na sa ta tsakiyar littafin lissafin shagon Inna.
A kan gada mai keke ya tambaye ni
warin me yake ji.
Na shinshina yatsuna,
na ce masa wanki na yi.