Kuɗin Fasa Daɓe

Yaya Sabi'u ya aiko kuɗin tayil daga Fatakwal,
kwali talatin da biyu, fari mai jijiyar toka.
Ya lissafa siminti, ya lissafa yashi da mota.
Abu ɗaya ya manta:
ƙasa ba ta karɓar sabuwar riga
sai an biya mai tuɓe mata tsohuwar.

Barau magini ya biyo daga kasuwar Gujungu,
ya ƙwanƙwasa ɗakin Baba da ƙotar guduma,
ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.
"Ɗaki biyu da rumfa, dubu arba'in."
Na ce, "Barau, gini na ce ka yi?"
Ya ce, "Mai rushewa ma da ciki yake tafe."
Muka tsaya a talatin da biyar, abincin rana a wuyana,
kwasar ɓaraguzai kuma sai amalanken Ɗanliti,
sawu ɗaya dubu biyu, ban da dusar shanu.

Simintin bai yi gardama ba.
Dama tun shekarar da aka haƙa burtsatse yake tsagewa,
ya ɗago ɓawo-ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Kafin la'asar leburori har da waƙa.

Sai diga ta faɗa kan wani abu, ta yi tsalle ta dawo.
Ja ne wur, sumul, yana sheƙi kamar goron da aka wanke.
Barau ya tsuguna, ya shafa, ya cire hula ya sosa kai.
"Wannan daɓen mutanen da ne. Ba ya cikin jinga."

Gwaggo Kande ta dogaro sanda ta tsaya bakin ƙofa.
Ta ce mata goma sha takwas suka yi shi,
kowa da madaɓinta daga gida,
kwana uku ana zuba marmara ana yayyafa makuba,
har tafin hannu ya yi kanta.
Ladan kuwa? Tuwon dawa, ƙwaryar fura, goro ɓari-ɓari.
"Kyauta ya kwanta," in ji ta,
"ga shi sai da kuɗi zai tashi."

Dubu goma sha biyar aka ƙara.
Riɗin da na ɓoye don sayen taki,
shi ya hau babur ya tafi.

Rana ta uku, a lungun bayan ƙyaure,
yaron Barau ya ce, "Ku zo ku ga."
Sawun ƙafa ne, bai kai tsawon yatsana ba,
ya nutse a daɓen tun yana ɗanye.
Gwaggo ta daɗe tana kallo.
"Ubanku ne. Kufce mini ya yi daga goyo ya taka.
Inna Tabawa ta hana a shafe."

Ƙafar nan na san ta da kaushi da faso,
ni na wanke ta bara da damina,
ni na ɗaure ta cikin likkafani.
Ban taɓa sanin ta yi ƙanƙanta haka ba.

Na ce Barau ya zagaye wurin a hankali.
Rabin yini ya ɓata, bai ce in ƙara ko sisi ba.
Duk da haka ya tsage.
Diddige ya bi amalanke,
yatsu uku suka rage a hannuna.

Yanzu ɗaki ya yi fes, kana ganin fuskarka a ƙasa.
Gwaggo ta zame sau ɗaya, ta sa an shimfiɗa mata tabarma
tun daga bakin gado har ƙofa.

Jiya Yaya ya kira.
"Fasawar nawa ta ci gaba ɗaya?"
Na duba bayan kwalin da na yi lissafi a kai:
"Sittin da huɗu, har da Ɗanliti."
Ya ce da tsada.
Na kalli tsohuwar langar da ke ƙarƙashin gado,
na ce masa, "E, da tsada."