Kalma Dubu Uku Kafin Juma'a

Kalma dubu uku ake so, kafin Juma'a.
Yau Talata. Ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta,
Sheffield ta jiƙe sharkaf kamar kazar da ta faɗa randa,
ni kuwa ina hawa na uku a laburare,
takarda fara fat, shayi ya huce.

Dakta Hargreaves ta ce, "Rumasa'u, fara da tambaya."
To ga tambaya:
me ya sa duk yarinyar da kyamara ke so
sai an fara kashe mata uwa?

Fim tara na kalla da agogo a hannu.
Na ƙirga: barci minti goma sha ɗaya,
kuka bakwai, shara shida.
Inda ta buɗe baki ta ce a'a,
nan biro ya tsaya, bai sami abin rubutawa ba.
Shi kuwa gogan, sai ana saura kwata a tashi
ya iso, gashi a taje, ko ƙwarzane babu,
a tafa masa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na raba takardar gida uku:
mai jira, mai tsafi, da wadda ta mutu tun ba a fara ba.
Sai na rasa gidan da zan saka kaina.

Don da dare ni ke sharar silima, can bayan tashar jirgi.
In an kunna fitila, sunaye na hawa bango,
sai in shigo da tsintsiya da baƙar leda.
Gugguru a ƙarƙashin kujeru, cingam,
safar hannu ƙwaya ɗaya da ba wanda zai zaga gari neman mai ita.
Tsuntsu bai taɓa taya ni ba.
Amma dai ana biyana, awa-awa,
abin da ba a taɓa yi wa waccan ta jikin bango ba.

Ga kuma Misis Oldroyd, mai gidan da nake haya:
shekara saba'in da tara, hanci kamar lauje,
baƙar kyanwa, ita kaɗai a ƙarshen layi, dab da itatuwa.
Da a fim ne, da tuni an gama da ita:
a rage haske, a ɗauko ta daga ƙasa,
kiɗa ya fara rawar ɗari.
Jiya ta ƙwanƙwasa ƙofata da yamma,
ta miƙo tuffa biyu daga bishiyar bayan gida.
Na ci ɗaya. Ga ni nan.
Tsami ne kawai.

Gwaggo Tasalla nake ta tunawa, a Rano,
tana ɓarar gyaɗa, mu shida a gabanta.
Ba fitila, ba bango, bakinta ne majigi.
In ƙaramarmu ta tsorata, nan take dodo ya rame.
In mun yi rashin ji da rana, ya ƙara haƙori.
Ran da aka ɓata mata rai a gidan,
yarinyar cikin labari ba ta jira kowa ba,
da kanta ta haye kogin, har da tsaki.

Na san jan biron Dakta:
Wa ya faɗa? Wace shekara? Shafi na nawa?
Gwaggo ba ta da shafi.
Shekara kuwa, wadda ruwa ya ci katangar gabas.

Mai gadi ya fara karkaɗa makullai.
Na soke gidajen nan uku, na rubuta a sama:
Kafin a ɗaga kyamara, mace ce ke riƙe da labarin.

Kalma goma.
Saura dubu biyu da ɗari tara da casa'in,
ga tsintsiya na jirana ƙarfe tara.
Na laluba aljihun kwat ina neman katin bas,
hannuna ya ci karo da ɗaya tuffar.