Na Baya Sai Labari

Bakwai da kwata, safiyar Asabar, a filin ajiye motoci,
Glenys ta ƙirga mu da kan sandarta: goma sha ɗaya.
Ta sake ƙirgawa, ko da yake ta sani.
Sannan ta miƙo mini usur ɗin Warwick,
igiyarsa na nan da ƙullin da ya yi mata.
"Kai ne a baya yau, Desmond."
Ban ce na iya ba. Na rataya.

A ƙasar nan Satumba ce ke korar sanyi.
Hanya ta kama hawa tun ba mu gama gaisawa ba,
jar tsakuwa tana zame ƙafa,
itatuwan zaiti suna tuɓe ɓawonsu zare-zare
kamar masu shirin wanka.
Dangin bagaruwa sun yi fure, rawaya har ta gundura,
Thuy ta yi atishawa sau shida,
ta ce duk da haka ta yafe musu.

An ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.
To, ga labarin.
Na baya ne ke tsintar safar hannun da ta faɗi.
Shi ke jin numfashin Lachlan ya sauya murya a tsakiyar hawa,
shi ke sunkuyawa kamar igiyar takalminsa ta kwance
don kada dattijo ya ji kunyar hutawa.
Shekara tara Warwick yana ɗaure takalmi a bayana.
Sai yau na gane
ba ta taɓa kwancewa ba.

Bayan tudu na biyu muka shiga inda gobara ta ci bara waccan.
Itatuwa baƙi ƙirin, amma ganye ya tsattsafo daga jikinsu
kai tsaye, ba reshe, tun daga gindi har sama.
Noelene ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara,
ta kira mu mu ga wani fure shuɗi
da bai kai farcen ɗan yatsa ba.
Ta faɗi sunansa mai tsawo, ya fi shi tsawo,
muka manta kafin mu miƙe.

Da rana ta take muka zauna kan falalen dutse,
kwari a ƙarƙashinmu, kore bisa kore,
can nesa rufin wata gona yana ƙyalli.
Filas ya zagaya. Pavlos ya buɗe gwangwani:
biskit ɗin citta, irin wanda marigayin ke kawowa,
ya ƙone ta ƙasa.
Muka ci. Ba wanda ya ce uffan,
sai wani tsuntsu a kan reshe da ya kece da dariya
ya ƙi dainawa, har Glenys ta taya shi,
tana share ido da bakin taswira.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kowa ya san haka.
A ƙorama Lachlan ya jiƙa ƙafa ɗaya, ya tsine wa dutsen.
Suka haye, muryoyinsu suka sha kwana.

Nan na gan ta, a gindin tushiya:
'yar dabba mai ƙaya kamar bushiya, da dogon baki,
tana tonon tururuwa, ba ruwanta da ni.
Na kai usur baki. Na fasa.
Na tsaya har ta gama, ta yi tafiyarta tana rangaji,
daji ya rufe bayanta.

A filin motoci sandar Glenys ta tsaya a goma.
Na fito daga cikin itatuwa, wandona duk ƙaya.
"Sha ɗaya," ta ce. "Me ya tsare ka?"
Na dubi ƙasa.
"Takalmi," na ce.