Mai Riƙe da Igiya

Shekara ashirin da shida ina sauke buhunan gishiri
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
har injin ɗaga kaya ya zo ya ce in huta.
Na huta, tukunya ma ta huta.
Sai yaran nan huɗu masu kiɗan rok suka tare ni a bakin sito,
"Don Nemesio, ka iya ƙulli?"
Na ce, ƙullin da ya tsare jirgi
ba ganga ce za ta kwance shi ba.

Rosaura ce mai waƙa, ita ce kuma mai rashin barci.
Kowane mako da sabuwar dabara take wayar gari.
Ran nan ta ce kuɗin shiga albasa ɗaya,
muka kwana uku muna miya, unguwa tana hawaye.
Ran nan ta ce kowa ya zo da rigar kakarsa,
ƙatti masu gemu suna tsalle cikin leshi.
Ran nan jiragen takarda:
ka rubuta waƙar da kake so, ka cilla,
wanda ya sauka a kan ganga shi za a kaɗa.
Wani ya rubuta lambar wayarsa. Ita ma an rera ta.

Fermín ya hau kwalekwalen roba da jitarsa,
hannuwa ɗari bakwai suka zama masa teku,
suka yi ta miƙa shi, suka yi ta miƙa shi,
har suka ajiye shi ƙofar bayan gida.

Ni ban taɓa ganin ko ɗaya daga gaba ba.
Wurina bayan labule, kusa da bokitin yashi.

Idan dare ya raba, a kashe fitilu,
Eleuterio ya shiga keji da gangunansa,
ni kuma in ja.
Mutane suna ganin mutum yana tashi sama.
Ni kilo tamanin da uku nake ji,
ban da ƙarfe, ban da fata, ban da tsoro.
Don yaron nan ko tsani ba ya iya hawa.
Kafin ya shiga sai ya kama hannuna,
tafinsa sanyi kamar kifin safe,
ya ce, "Kana nan?"
In ce, ina zan je?

Asabar ɗin da aka yi ruwa, ƙarfen sama ya cije.
In ja, ya ƙi. In saki, ya ƙi.
Keji ya karkace, yaro na lilo kusa da rufi,
sanda ɗaya ta faɗo cikin taro, aka yi wawarta.
Da ɗayar ya ci gaba.
Minti arba'in.
Ƙasa ana ihu, an ɗauka sabon salo ne,
ni kuwa igiya tana cin tafina,
na naɗe ta a kugu kamar lokacin jirage,
ina kiran sunan uwata da ta daɗe a ƙasa.

Ƙahon jirage ya cinye mini kunnen hagu tuntuni,
na dama ma saura kaɗan.
Amma daren nan na ji kiɗa.
Ta igiya ya sauko, bugu bayan bugu,
ya shiga wuyan hannu, ya bi kafaɗa,
na gane inda yake rawar jiki, na gane inda ya daina.

Da muka sauke shi bai yi magana ba,
ya zauna a kan bokitin yashi yana kallon takalmansa.
Rosaura ta shigo da gudu, gashi jiƙe, ido na ƙyalli:
"Kun ji su? Kowace Asabar sai mun maimaita!"

Eleuterio ya dube ni.
Na dubi hannuna.
Na ce, to a sayo sabuwar igiya,
da man shafawa, babban gwangwani.